Me Ke Hana Ƙwayar HIV Kwanciya Bayan An Fara Shan Magani?

  

Sharhinmu na yau a kan 'yan'uwanmu ne masu ɗauke da HIV, cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ina nufin waɗanda suka yi ƙoƙari suka je gwaji, suka yanki kati, suka fara karɓar magani. Ga tambayar da nake so mu duba tare. Mutum biyu sun karɓi magani iri ɗaya, a asibiti ɗaya, a rana ɗaya. Bayan wata shida aka auna jininsu. Ƙwayar cutar ɗaya ta kwanta. Ta ɗayan kuwa tana nan tana hayayyafa. Me ya raba su?

Bari in ba ku amsata tun daga farko. Maganin yana aiki, kuma yana aiki sosai. Sharaɗinsa ɗaya ne, a sha shi kullum. Abin da ke hana mutum shan sa kullum kuwa, galibi a gida yake, a unguwa yake, a aljihu yake, a bakin mutane yake. Wato da hannunmu a ciki, ni da ku.

To, mu fara daga tushe. Me ake nufi da kwanciyar ƙwayar cuta?

HIV idan ta shiga jiki, ƙwayoyin garkuwa take nufa, waɗanda likitoci ke kira CD4. Tana shiga cikinsu, ta hayayyafa, ta lalata su. Aikin magani shi ne ya toshe mata hanyar hayayyafa. Amma akwai wadda ta riga ta ɓuya a wasu sassan jiki, magani ba ya kai gare ta. Manomin fadama ya san aya-aya. Ka nome ta tas, gona ta yi fes, amma 'ya'yanta na nan a ƙarƙashin ƙasa. Ranar da ka ajiye fartanya, ranar za ta fara tsirowa. Haka HIV take. Idan aka daina magani, cikin 'yan makonni sai ta dawo cikin jini.

Ido ba ya gane kwanciyarta. Ƙiba ba ta nunawa, kyan fata ba ya nunawa. Gwajin jini ne kaɗai ke faɗa. Ana ɗibar jini a ƙidaya yawan ƙwayar cutar a cikinsa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan ba ta wuce 1,000 a kowace mililita ba, an danne ta. Idan na'ura ta duba ta kasa ganin ta sam, wannan shi ne babban buri. Ana yin gwajin bayan wata shida da fara magani, a sake idan an cika shekara, sannan sau ɗaya kowace shekara.

Me ya sa wannan gwaji yake da daraja haka? Domin idan ƙwayar ta kwanta, garkuwa tana farfaɗowa. Mutum ya koma sana'arsa, ya riƙe iyalinsa, ya tsufa kamar kowa da yardar Allah. Sannan tun 2011 manyan bincike a ƙasashe daban-daban suka fara tabbatar da wani abin farin ciki. Wanda ƙwayarsa ta kwanta har na'ura ba ta ganin ta, ba ya sa wa matarsa ko mijinta cutar ta hanyar saduwa. Mai juna biyu da ƙwayarta ta kwanta kuwa, haɗarin ta sa wa jaririnta ya ragu ƙwarai da gaske. Ku ji wannan da kyau. Ƙwayar magani ɗaya a rana tana kare mai sha, tana kare abokin zama, tana kare ɗan da ke ciki.

Ba haka abin yake da can ba. Dattawanmu ba su manta shekarun da ake kiran cutar kabari kusa ba. Haɗin magungunan da ya sauya labarin ya fito ne a 1996. A Najeriya gwamnati ta fara shirin raba shi a 2002, ya zama kyauta a 2006. A wancan lokaci mutum kan sha ƙwayoyi da yawa, safe da yamma, wasu su sa jiri, wasu su sa munanan mafarkai. Yau mafi yawan manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD. Magunguna uku ne a haɗe, cikinsu har da dolutegravir, mai saurin danne cutar, wanda kuma da wuya cutar ta bijire masa. Don haka nake maimaitawa, maganin yana aiki. To me ke shiga tsakaninsa da mai shi?

Abu na farko, kuma mafi girma a ganina, shi ne ɓoyo.

Ku kawo a ranku wata baiwar Allah a gidan yawa. An gano tana da cutar a wajen awon ciki. Ba ta faɗa wa maigida ba, don tana tsoron takarda. Ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba, don kada hawan jininta ya tashi. Da ta dawo daga asibiti, sai ta ɓare takardar jikin robar maganin ta ƙona. Ta juye ƙwayoyin a leda, ta ƙulle, ta tura ƙasan kwalla a bayan gado. Ƙarfe tara na dare take sha. Yau tara ta yi, maigida na ɗaki. Gobe tara ta yi, abokiyar zama ta shigo hira. Jibi an yi rasuwa a dangi, za a kwana uku a gidan makoki, ɗaki cike da mata, ba ta da inda za ta kwance ƙullin nan. A wata guda ta tsallake kwana biyar, ko shida, ko fiye. Ga kuma damina ta shigo, danshi ya ratsa ledar, domin robar da ta jefar an yi ta ne don ta kare maganin daga laima.

Wannan mata tana son ranta. Tana son ɗan da ke cikinta. Tsoro ne ya hana ta. Tsoron wa? Tsoronmu. Tsoron habaici, tsoron a ware mata kofi da kwano, tsoron a ce ai ga abin da take aikatawa. Alhali sau da yawa a ɗakin aurenta cutar ta same ta.

Tsoron nan shi ke sa mutum ya bar asibitin da ke bayan gidansa, ya hau mota zuwa wani gari mai nisa, don kada ya haɗu da idon sani a layi. Ranar da babu kuɗin mota, babu magani. Tsoron nan shi ke sa magidanci ya ƙi zuwa asibiti, ya riƙa tsakurar na matarsa, su biyu su raba abin da aka auna wa mutum ɗaya, a ƙarshe babu wanda ya sha daidai. Najeriya tana da dokar hana nuna wa masu cutar bambanci tun 2014. Amma doka ba ta shiga tsakar gida. Harshenmu ne ke shiga.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke roƙon kowane mai shan magani ya sami mutum ɗaya da ya amince da shi. Mutum ɗaya tak, wanda zai ce masa, ka sha kuwa? Wanda zai karɓo masa idan yana kwance. Wanda ya sami irin wannan mutum ya fi riƙe magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu sauraro, mu je ga abu na biyu. Shi ne jin sauƙi, da masu cewa suna warkarwa.

Mutum ya zo asibiti a rame, an tallabo shi. Bayan shekara ya murmure, ya yi kumari. Sai zuciya ta ce masa, ai ka warke. Ko kuma ya ji mai lasifika a tasha, ko wani a Facebook ko TikTok, yana rantsuwa cewa yana da sassaƙen da ke wanke cutar cikin kwana arba'in, amma sai an ajiye na asibiti. Wani ma har gwaji zai tura ka, a ce ba a ga komai ba. Ai dole ba za a gani ba, tunda maganin asibitin da ka sha ne ya danne ta.

Mun ga inda wannan hanya ta kai mutane. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cutar da haɗin ganyayyaki. Aka sa marasa lafiya suka ajiye maganinsu. Bayan ya bar mulki, hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta saurari waɗanda suka tsira da iyalan waɗanda suka rasu, ta tabbatar cewa an yi asarar rayuka a wannan shiri. Idan shugaban ƙasa da duk ikonsa bai warkar da kowa ba, ina ga mai lasifika a tasha?

Ku yi addu'a. Ku yi ta yi, a masallaci ko a coci. Amma ku haɗa da magani. Malaman kirki na kowane addini neman magani suke koyarwa. Ko azumin watan Ramadan ma ba ya hana. Tunda sau ɗaya ake sha a rana, kafin watan ya kama sai a je a yi shawara da ma'aikacin lafiya, a mai da lokacin sha zuwa bayan buɗa-baki ko lokacin sahur.

Abu na uku shi ne babu, da hanya, da ƙaura.

Maganin kyauta ne, amma zuwa karɓo shi ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin mota. Akwai yinin da za a rasa a gona ko a kasuwa. Akwai yunwa. Mutane da yawa kan ce, ba zan sha magani ciki babu komai ba. Ga abin da ya kamata a sani: TLD ana iya shan sa da abinci ko babu abinci. Kada rashin tuwon dare ya sa a tsallake.

Sai tafiye-tafiye. Direban babbar mota da ya tashi daga Kano zuwa Legas da niyyar mako guda, mota ta lalace, ya yi wata. Ɗan ci-rani da ya tafi Fatakwal ko Agadas da maganin wata ɗaya a jaka. Sai kuma waɗanda ba su zaɓi tafiyar ba. Mutanen Borno da rikici ya kora. Mutanen Zamfara, Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa cikin dare, wasu har suka tsallaka Maraɗi. Wanda ya gudu da rigar jikinsa bai tsaya ɗaukar kati ba.

A nan akwai sauƙin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya daidaita a kan magani, ana iya ba shi na wata uku, har na wata shida a lokaci guda. Mai shirin tafiya ya faɗa tun da wuri, a ba shi isasshe, ko a rubuta masa takardar sauya asibiti. Wanda kuma ya tsinci kansa a baƙon wuri babu kati, ya shiga asibitin gwamnati mafi kusa ya yi bayani. Kada kunya ta sa ya zauna.

Yanzu mu zo ga abu na huɗu, inda zuciyata ta fi karkata. Yara da matasa.

Kusan a ko'ina aka duba, yara da matasa su ne a baya wajen danne cutar. Dalilin a fili yake. Yaro ba ya ba kansa magani. Yana hannun uwa, ko kaka, ko goggo, wani lokaci maraya ne da ke yawo daga wannan gida zuwa wancan. Kuma awon maganin yaro da nauyinsa yake tafiya. Idan ya girma ba a ƙara masa ba, abin da yake sha ya yi masa kaɗan. Da can maganin yara ruwa ne mai ɗaci, wani ma sai an sa shi a firji. Daga 2021 aka fara raba wani na yara mai narkewa a ruwa, mai ɗanɗanon zaƙi. Wannan babbar rahama ce. Amma har yanzu sai an sami babban da zai narka ya ba shi, kowace rana.

Ga kuma yaron da aka haifa da cutar, ya kai shekara goma sha huɗu ba a faɗa masa ba. Tun yana ƙarami ake ce masa maganin ƙarin jini ne. An kai shi makarantar kwana. A ɗakin kwanan ɗalibai akwatinsa a buɗe yake, idon kowa na kai. Wani ya tambaye shi, kai kullum sai ka sha ƙwaya, me ke damun ka? Ba shi da amsa, domin shi ma bai sani ba. Lafiyarsa ƙalau yake ji. Sai ya fara zubar da maganin a bayan aji. Wani kuma a bakin abokai zai ji sunan maganin, ko ya bincika a waya. Ya gane shekara da shekaru ana ɓoye masa. Fushin wannan rana kaɗai ya isa ya sa ya daina sha.

Iyaye, ku ji ni da kunnen basira. Yaro a fara yi masa bayani daidai hankalinsa tun yana firamare, a cika masa gaskiya kafin ya balaga. Ma'aikatan lafiya sun san yadda ake yi, za su zauna da ku. A asibitoci da dama akwai ƙungiyoyin matasa masu shan magani, inda suke haɗuwa su ƙarfafa wa juna gwiwa. Matashin da ya ga sa'ansa na shan abin da yake sha, yana karatu, yana buga ƙwallo, ya fi jin maganar nan fiye da wa'azin manya.

Abu na biyar gajere ne, amma a riƙe shi. Wani yana sha kullum, bai taɓa tsallakewa ba, amma wani maganin na daban yana rage masa ƙarfi. Maganin tarin fuka yana sa jiki ya yi saurin fitar da dolutegravir, don haka likita kan ƙara wa mai shan su tare wata ƙwaya. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da ake ba masu ciki, da maganin olsa irin mai kama da alli, suna iya riƙe shi a ciki su hana jiki tsotsar sa, sai an bi ƙa'idar lokacin shan kowanne. Shaye-shaye kuma, giya ce ko ƙwaya ko kodin, yana sa mantuwa. Baƙin ciki mai nauyi, irin wanda ke sa mutum ya ji rayuwar ma ta ishe shi, shi ma yana sa a saki magani, kuma ciwo ne da ake dubawa. Duk abin da kake sha, na kemis ne ko na gargajiya, faɗa wa ma'aikacin lafiya. Duk abin da ke damun ka, faɗa masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada kuma mu ɗora komai a kan mai shan magani. Hukuma da asibiti suna da nasu kason.

Na'urorin gwajin yawan ƙwayar cutar ba a kowane asibiti suke ba. Ana ɗaukar jini daga ƙauye a kai babban ɗakin gwaji a birni. Idan sakamako ya makara, ko ya dawo ya kwanta a fayil ba a kira mai shi ba, an yi aikin banza. Idan ma'aikaci ya daka wa wanda ya makara tsawa a gaban jama'a, ya kore shi ke nan. Idan aka ware wata ƙofa da kowa ya san ta masu cutar ce, an tona asirin duk mai shiga.

Sai batun kuɗi. Shekara da shekaru kaso mafi tsoka na maganin nan daga tallafin waje yake zuwa, musamman shirin PEPFAR na Amurka da aka kafa a 2003, da Asusun Duniya na yaƙi da cutar. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje don ta sake dubawa. Hankalin masu shan magani ya tashi a faɗin Afirka, ayyuka da dama suka tsaya cak. Gwamnatin Najeriya ta ware ƙarin kuɗi don cike giɓi. Darasin dai a fili yake. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya. Ran mutane masu yawa haka bai kamata ya rataya a kan shawarar wata ƙasa ba. Hukumar NACA mai yaƙi da cutar, da gwamnatocin jihohi, da 'yan majalisa masu tsara kasafi, wannan nauyi a wuyanku yake.

To idan aka yi gwaji aka ga ƙwayar ta haura fa? Ba ƙarshen duniya ba ne. Ba a kuma sauya magani nan take. Za a zauna da kai a lalubo inda matsalar take. Lokacin sha ne bai dace ba? Ɓoyo ne? Kuɗin mota ne? A gyara, ka sha yadda ya kamata na wata uku, a sake aunawa. Da yawa a nan ƙwayar take komawa ta kwanta. Idan ta ƙi, alama ce ta bijire wa maganin, sai a koma magani na mataki na biyu. Amma a sani, sha yau a bari gobe shi ke koya wa cutar bijirewa, kuma matakan ba su da yawa. Gara a riƙe na farko da kyau.

Jama'a masu sauraro, ga kalmata ta ƙarshe.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mai shan wannan magani: sha yau, sha gobe, sha jibi. Idan ka manta, sha da zarar ka tuna, kuma kada ka haɗa biyu a lokaci guda. Idan ka daɗe da bari, koma asibiti a wannan makon, ƙofa a buɗe take. Idan ka je, tambaya: yaushe za a auna yawan ƙwayar cutata, kuma nawa ta nuna? Haƙƙinka ne ka sani.

Maigida, raka matarka, kai ma a gwada ka. Uwargida, idan mijinki ya faɗa miki, rufa masa asiri ki riƙa tuna masa. Malamai da limamai da fastoci, ku faɗa a kan mumbari cewa mai wannan cuta ɗan'uwa ne. Sauran jama'a kuma, mu kama bakinmu. Wataƙila wanda ke zaune kusa da kai yana sauraren shirin nan tare da kai, yana jira ne ya ji abin da za ka ce kafin ya yanke shawarar faɗa maka.

Maganin yana aiki idan an sha shi kullum. Mu taimaka a sha shi kullum.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu jinya haƙuri, Ya saka wa ma'aikatan lafiya da alheri.